Kyanwar da aka ɗauko daga kango: buguwa, guba, ko haukan kare?

Wannan lamari ne na koyarwa, an tsara shi bisa yadda irin matsalar ke zuwa hannun likitocin dabbobi a biranenmu. Kyanwa ce mace, matashiya, wadda wani yaro ya tsinta da sassafe a wani kango da ke bayan layinsu. Kowa a unguwar ya san kangon. Nan samari ke taruwa bayan isha'i, in gari ya waye a tarar da guntayen wiwi, fankon katin ƙwaya, da robobin lemo da na yogot a warwatse. Yaron ya same ta tana zagaye wuri ɗaya tana wani irin kuka, ya tura ta cikin kwali ya kai gida. Wajen turawar ta yakushe shi a bayan hannu har jini ya tsattsafo.

A gida an yi abin da aka saba. An ajiye mata madara ba ta kula ba, sai aka danne ta aka ɗura mata manja cokali biyu, ta ƙware, ta yi ta tari. Maƙwabta suka rabu biyu: wasu na cewa ta bugu ne, wasu na cewa iska ce a fitar da ita daga gidan. Uwar yaron ce ta dage aka kai ta asibitin dabbobi, wajen awa 4 bayan tsintar ta. Abin da ta fara faɗa shi ne, "Likita, 'yan shaye-shaye ne suka ba ta ƙwaya."

Zargin nata yana da tushe. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 10.6 daga ciki wiwi, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol. Dabbar da ke kwana inda ake wannan harka tana iya gamuwa da su. Sai dai zargi ba ya zama ganewar cuta, kuma likitan da ya karɓi maganar masu gida ya ɗora magani a kanta zai iya wuce abubuwa biyu ko uku da suka fi ƙwayar saurin kisa.

Abin da aka gani

Kafin a taɓa ta, an buɗe kwalin a ɗaki mai shiru aka tsaya daga nesa ana kallo na minti 5. Wannan kallon yana da amfani fiye da yadda ake zato, don da zarar an kama kyanwa tsoro zai rufe rabin alamominta. Ta fito tana tangaɗi, ƙafafun baya na harɗewa. Ba ta karkatar da kai gefe ɗaya ba, kuma zagayen da take yi wani lokaci dama ne wani lokaci hagu. Miyau na dalala har ya jiƙa ƙirjinta. Jikinta na wata siririyar karkarwa ko'ina. Da aka tafa hannu sau ɗaya sai ta zabura ta faɗi gefe, ta miƙe ta ci gaba da zagaye.

Da safar hannu mai kauri da tawul aka riƙe ta. Nauyinta kilo 2.4, haƙoran girma duk sun fito kuma farare ne tas, wato ta haura wata 6 amma da wuya ta cika shekara. Zafin jiki ta dubura digiri 40.3, alhali na lafiyayyar kyanwa tsakanin 38.1 ne da 39.2. Zuciya na bugawa sau 236 a minti, numfashi sau 44. Baƙin tsakiyar idanun duka biyu ya buɗe har kusan ba a ganin launin idon, girmansu ɗaya, kuma da aka haska tocila ya ɗan motsa kaɗan, bai tsuke ya koma siriri kamar tsinke yadda na kyanwa ke yi a haske ba. Dasashi ja ne mai haske. Babu jini a kunne ko hanci, farata ba su tsattsage ba, babu tabon cizo a jiki. Fatar wuya da aka ja ta ɗan jinkirta komawa, alamar ƙarancin ruwa kimanin kashi 5 cikin 100. An ɗiga jini daga gefen kunne a na'urar awon suga ta nuna 168. Tsoro kaɗai na ɗaga sugan kyanwa zuwa nan, abin da ake gudu shi ne ya faɗi ƙasa da 60. Gashinta na warin hayaki da manja, babu warin kananzir ko na maganin ƙwari.

Yaron ne farko

Duk kyanwar titi da ba a san tarihinta ba, wadda ke dalalar miyau, halinta ya sauya, tana tangaɗi, ana ɗaukar ta a matsayin mai ciwon haukan kare har sai lokaci ya wanke ta. Sunan ciwon ne ke yaudarar mutane, suna ganin na karnuka ne kawai. Kyanwa na ɗauka, tana kuma yaɗawa, kuma tana yawan lasar tafin ƙafarta, don haka yakushinta ma ana lissafa shi. Ciwon yana nan daram a Najeriya da Nijar, kuma idan alamu suka bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi.

Saboda haka kafin a sa wa kyanwar ko allura ɗaya, an sa yaron ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cif, aka shafa aidin, aka tura su asibitin mutane a ranar. Yakushin da ya fasa fata har jini ya fito yana buƙatar allurar rigakafi, tare da allurar garkuwa da ake yi a kewayen ciwon inda ake da ita. Ba a jira a ga yadda kyanwar za ta kasance kafin a fara. Ana farawa, a killace dabbar kwana 10, idan ta cika kwanakin lafiya lau likitan yaron na iya dakatar da sauran alluran. Wanda ya ɗura mata manjan shi ma an duba hannunsa ko akwai tsaga ko ƙuje da miyau ya taɓa. Idan kyanwar ta mutu a cikin kwanakin, kanta za a aika awo, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato ce babbar mai wannan aiki. Jefar da gawar a bola yana nufin an jefar da amsar da yaron ke buƙata.

Tace waɗanda ake zargi

Babu alama ɗaya da ke nuna ƙwaya. Ana haɗa abubuwa huɗu ne a karanta su tare: ido, baki, zuciya da zafin jiki.

Fiya-fiya da danginsa, wato magungunan ƙwari masu sinadarin daikilobos irin su Sniper, su ne gubar da ta fi kusa da kowace kyanwa a gidajenmu, don ana yayyafa su a lungu saboda sauro da kuɗin cizo, ita kuma ta taka ta lashe. Suna kawo miyau da karkarwa, daidai da abin da aka gani. Amma yawanci suna tsuke ido, su rage bugun zuciya, su kawo zawo da fitsari da hawaye, huhu ya cika da majina har a ji shi yana ƙara. Ko ɗaya babu a nan. Wannan bambanci na da muhimmanci don maganin fiya-fiya shi ne atirofin, kuma an sha ganin ana yi wa duk dabbar da ke miyau allurarsa ba tare da tunani ba. Zuciyar da ke bugawa 236 idan aka ƙara mata atirofin an ƙara mata wuta. Ba a yi ba.

Sai fametirin da sauran magungunan ƙuma da kaska na karnuka da shanu. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da irin waɗannan, abin da kare zai ɗauka lafiya shi zai kayar da ita. Wannan ya fi wuyar cirewa daga lissafi, don shi ma yana buɗe ido, ya ɗaga zafin jiki, ya kawo zabura. Alamarsa ta musamman ita ce fizgar kunne, motsin fatar fuska da gashin baki, da yarfa ƙafa kamar ta taka ruwa, sannan karkarwar kan yi ƙarfi ta koma jijjiga. Ba a ga fizgar ba, babu kuma maiƙon magani a bayan wuya, kuma kyanwar kango ba ta da mai ɗiga mata maganin ƙuma. Duk da haka an bar shi a lissafi, shi ya sa aka yi mata wanka daga baya.

Wiwi shi ne abin da kowa ya fara kawowa. Kyanwa na samun sa ta hanya uku: a busa mata hayaki a fuska don wasa, ta zauna a rufaffen wuri hayakin ya kwanta a gashinta ta lashe, ko ta ci abincin da aka dafa da shi. Yana sa tangaɗi, buɗewar ido, miyau da zabura idan an yi ƙara. Sai dai dabbar da wiwi ya kama galibi kasala ce ke rinjayarta: ta tsaya tana layi, barci na fizgarta, zuciya ta yi sanyi, jiki ma ya yi sanyi, wani lokaci fitsari na ɗiga. Wannan kuwa ta kasa zama, jikinta zafi, zuciyarta na gudu. Mai yiwuwa akwai hayakin a ciki, amma shi kaɗai bai isa ya bayyana hoton ba.

Exol-5, wanda matasa ke yawan sha a Arewa, yana buɗe ido ya sa zuciya gudu da zafin jiki, amma yana busar da baki ƙaf, hanji ya yi tsit, fitsari ya taru a mafitsara. Bakin da ke dalala da cikin da ake jin motsinsa sun kore shi. Diyazefam da danginsa barci da saki jiki suka fi kawowa. Sholisho kuma tasirinsa na gushewa ba da jimawa ba idan dabbar ta fita iska. Kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tarin da ke ɗauke da shi a watan Mayun 2018, har yanzu ana samun sa a ɓoye, amma zaƙin da ke jan mutum ba ya jan kyanwa. Harshenta ba ya jin zaƙi sam.

Nan ne tiramadol ya fito gaba. A jikin mutum da kare, magungunan gidan mofin, masu kashe raɗaɗi, wanda tiramadol ke ciki, suna tsuke ido su kawo barci. A jikin kyanwa akasin haka suke yi: ido ya buɗe, ta rikice, jiki ya ɗau zafi. Tiramadol kuma yana da aiki na biyu, yana tara sinadarin sirotonin a ƙwaƙwalwa, kuma yawansa shi ke haifar da karkarwa, zabura, gudun zuciya, kuka da miyau. Hoton ya zauna daidai. Abin tambaya shi ne yadda ya shiga cikinta, tunda ƙwayar na da ɗaci ƙwarai kuma kyanwa ba ta haɗiyar ƙwaya don kanta. Amsar da ta fi kusa ita ce robobin yogot ɗin nan. Masu sha kan narka ƙwayar a lemo, shayi ko yogot, kuma kyanwa mai yunwa za ta lashe ragowar duk abin da ke da madara. Lissafin ba ya buƙatar da yawa. Idan likita zai ba kyanwa tiramadol don ciwo, miligiram 1 zuwa 2 ne a kowane kilo, wato ƙasa da miligiram 5 ga wannan. Abin da hukumar NAFDAC ta amince da shi na mutane shi ne mai 50 da mai 100, amma wanda ke yawo a hannun masu shaye-shaye har da mai 225. Kashi ɗaya cikin goma na irin wannan ƙwaya ya kusa ninka abin da ya dace da ita sau 5.

Akwai abin da ke tafiya tare da wannan zargi wanda bai kamata a manta ba. Wasu ƙwayoyin tiramadol haɗe suke da farasitamol, kuma a gidaje da dama idan dabba ta yi zafi Panadol ake fara jiƙa mata. An tambayi Hajiya, uwar yaron, kai tsaye, ta ce ba su ba ta ba. Miligiram 10 na farasitamol a kowane kilo na iya cutar da kyanwa, ke nan ƙwaya ɗaya mai 500 ta ninka wannan sau 20 a jikin mai kilo 2.4. Yana lalata jinin ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura. An ɗiga jininta a farar takarda ya fito ja, amma an ci gaba da duba dasashin duk awa 2 a ranar farko, da maganin asetilsistin, mai karya gubar farasitamol, a kusa: miligiram 140 a kilo a karon farko, sannan 70 duk awa 6.

Sauran an wuce su da sauri. Bugun mota ko faɗowa kan bar ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, da tsattsagen farata. Ciwon can cikin kunne na karkatar da kai gefe ɗaya, idanu su riƙa rawa. Ƙarancin bitamin B1, wanda ke kama kyanwar da ta daɗe a kan ɗanyen kifi, yana lanƙwasa wuya haɓa ta taɓa ƙirji. Ba a ga wannan ba, amma allurarsa ba ta da tsada kuma ba ta cutarwa, an yi mata miligiram 25.

An yi maganar tsinken awon fitsari da ake gwada mutane da shi. An ɗebi fitsarin an ajiye a firiza, amma ba a dogara da tsinken ba. Na wiwi yana neman ragowar da hantar mutum ke fitarwa, ta dabba kuma daban take sarrafa shi, don haka yakan ce babu alhali akwai. Tiramadol kuma ba ya fitowa a layin da ke kama su mofin da kodin, sai an sami tsinkensa na musamman.

Abin da aka yi, da abin da aka ƙi yi

Ba a sa ta amai ba. Amai na da amfani ne cikin awa 1 zuwa 2 na farko, ga dabbar da ke cikin hayyacinta, kuma da allura ake yi a asibiti, misali zailazin miligiram 0.44 a kilo. Ruwan gishiri da ake ɗurawa a gida na iya kashe kyanwa da kansa. Gawayin magani, wanda ake ba da giram 1 zuwa 2 a kilo, shi ma an bar shi, don wadda ke tangaɗi kuma ta riga ta ƙware sau ɗaya za ta iya shaƙe shi zuwa huhu. Gawayin murhu kuwa ba ya wannan aiki ko an daka shi ya yi laushi.

Manjan da aka ɗura mata matsala ce ta biyu da aka ƙara a kan ta farko. Ba ya kashe guba. Idan gubar mai narkewa a mai ce, kamar sinadarin wiwi ko maganin ƙwari, yana iya taimaka mata shiga jini. Wanda ya bi ta maƙogwaro zuwa huhu kuma yana haifar da ciwon huhu da kan bayyana bayan kwana 1 zuwa 3. Don haka aka riƙa ƙirga numfashinta tana kwance, da sharaɗin in ya zauna sama da 40 bayan ta natsu, ko zazzaɓi ya dawo, a ɗauki hoton ƙirji.

An fara da ƙarin ruwa ta jijiyar ƙafar gaba. Bukatarta ta yau da kullum mililita 3 ce a kilo a awa, kusan 7. Gibin kashi 5 cikin 100 na kilo 2.4 mililita 120 ne, an raba shi a awa 24 ya ba da 5. Jimla 12 a awa. Da layin ƙarin ruwa na jarirai, mai ɗigo 60 a mililita, wannan ɗigo 12 ne a minti. A nan ake yawan yin ɓarna. Duk jinin da ke jikin kyanwa mai wannan nauyi bai wuce mililita 150 ba, idan aka rataya leda mai 500 da layin manya aka tafi aka bar ta, ruwan zai cika mata huhu kafin a dawo.

Don kwantar da ita an zaɓi asifiromazin, miligiram 0.02 a kilo, wato kusan 0.05. Kwalbar mai miligiram 10 ce a mililita, babu sirinjin da zai auna wannan kai tsaye. Sai aka ja mililita 0.1 aka haɗa da ruwan gishirin asibiti mililita 9.9, aka ba ta rabin mililita daga haɗin, a hankali, bayan ruwa ya fara shiga, don maganin na sauke hawan jini. Diyazefam an ajiye shi a gefe don jijjiga kawai, miligiram 0.5 a kilo ta jijiya, saboda a irin wannan rikicewa wani lokaci ƙara haukata dabbar yake yi. Ƙwayarsa ta baki kuwa ba a ba kyanwa ita a gida, an san tana iya lalata mata hanta farat ɗaya.

Sai saifiroheptadin, wanda aka fi sani a kemis a matsayin maganin buɗe ciki don cin abinci. Yana toshe aikin sirotonin. An daka rabin ƙwaya mai miligiram 4, aka narka a mililita 2 na ruwan gishirin asibiti, aka tura ta dubura da sirinji marar allura, tunda baki ba shi da aminci. An maimaita bayan awa 8. Da bakinta a bushe yake ana zargin Exol-5, wannan magani da ya ƙara dagula lamarin, shi ya sa tacewar da aka yi a baya ba ɓata lokaci ba ce.

Nalokson, mai karya magungunan gidan mofin, yana nan a kan tebur amma ba a taɓa shi ba. Aikinsa ceto numfashin da ke neman tsayawa, nata kuma sauri ma yake yi. Ba ya taɓa ɓangaren sirotonin, kuma a gubar tiramadol ana tsoron ya buɗe ƙofar jijjiga.

Zafin jikin an sauke shi da jiƙa tafin ƙafa da ciki da ruwa mai ɗumi-ɗumi da kunna fanka, ba ƙanƙara, don ƙanƙara na tsuke jijiyoyin fata zafin ya maƙale a ciki. An tsaya da ya kai 39.5, in ba haka ba sai ya zarce ƙasa. Da ta natsu aka yi mata wanka da sabulun wanke kwanuka na ruwa, sau biyu, aka tsane ta sosai. Ruwan zafi na buɗe jijiyoyin fata guba ta ƙara shiga, ruwan sanyi na ƙara karkarwa. Daga nan keji a ɗaki mai duhu, an rufe shi da zane, an hana masu leƙe.

Bayan awa 2 zuciya ta sauko 190, zagayen ya tsaya. Da dare karkarwar ta koma sai an taɓa ta. Washegari da safe zafin jiki 38.9, ido ya fara amsa tocila, tana tafiya da ɗan layi. A awa na 36 ta miƙe tsaf, ta yi fitsari a kwanon yashi, ta fara gyara gashinta da harshe, wanda a wurin kyanwa alama ce mai kyau ƙwarai. Wannan saurin ya dace da tiramadol: a jikin kyanwa rabinsa na fita cikin kimanin awa 3, rabin abin da hanta ke juya shi zuwa gare shi kuma cikin awa 5, don haka yini ɗaya zuwa biyu ya isa jiki ya wanke. Wiwi kan kai awa 72 don yana maƙalewa a kitse. Haukan kare kuwa ba ya sauƙi, kullum gaba yake yi. Huhun bai kamu ba. A takardarta an rubuta cewa ana kyautata zaton gubar tiramadol ce, mai yiwuwa da hayakin wiwi, ba a tabbatar da awo ba.

Abinci an fara shi kaɗan-kaɗan. Bukatarta a kwance kimanin kalori 135 ce a rana, amma dabbar da ta daɗe da yunwa ba a cika mata ciki rana ɗaya, gishirin jininta na iya rikicewa. An ba ta kashi ɗaya cikin uku a ranar farko, aka ƙara a hankali cikin kwana 3: dafaffiyar kaza da dafaffen ƙwai, ba albasa, ba tafarnuwa, ba magi. Albasa na fasa ƙwayoyin jinin kyanwa, don haka romon miyar gida ba nata ba ne. Madarar shanu kuma zawo take sa yawancinsu.

Bayan ta koma gida

Ta cika kwana 10 a killace lafiya, aka sanar da asibitin da ke yi wa yaron allura, aka yi mata nata rigakafin haukan kare da maganin tsutsar ciki, ta koma gidan Hajiya. Sati biyu bayan nan aka dawo da ita da sabon ƙorafi: tana kwana kuka, tana birgima a ƙasa, tana goga jiki a ƙafar kujera, da rana kuma ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa, in an sa hannu ta yi huci. Wani maƙwabci ya ce ƙwayar ce take nema, a jiƙa mata kaɗan ta samu sauƙi.

Jikin dabba na iya sabawa da irin waɗannan magunguna idan an daɗe ana ba ta kullum, kuma in aka yanke za ta sha wahala na 'yan kwanaki. Amma wadda ta yi kwana 10 a keji tana ci tana barci ba za ta fara neman ƙwaya a sati na huɗu ba. Awo ya nuna zafin jiki 38.6, ido na tsukewa a haske, tafiya daidai, nauyi ya ƙaru zuwa 2.7. Da aka shafa bayanta kusa da gindin wutsiya sai ta kwantar da ƙirji, ta ɗaga ƙugu, ta kawar da wutsiya gefe tana taka ƙafafun baya. Muzuru take nema. Yunwa kan danne wannan, ƙoshi ya dawo da shi. Yana ɗaukar kamar mako guda, ya dawo duk sati 2 zuwa 3 muddin ba a yi barbara ba, kuma a ƙasashenmu da tsawon rana ba ya sauyawa sosai kusan duk shekara ne. An sa ranar cire mata mahaifa bayan ya lafa.

Ɓuyan da hucin kuma tsoro ne na dabbar da ta tashi ba hannun mutum, ko ta san hannun ta mummunar hanya. An ba su tsari mai sauƙi: ɗaki ɗaya da za ta zauna, kwali mai ƙofa a gefe da ba mai ciro ta daga ciki, kwanon yashi nesa da abinci ana kwashewa kullum, abinci a lokaci ɗaya daga hannun mutum ɗaya wanda zai zauna a ƙasa ya kawar da ido har ta zo da kanta. Yara su daina bin ta. An kuma ce a daina yayyafa fiya-fiya da kunna maganin sauro na hayaki a ɗakin, a ɗauke magungunan gida daga kan tebur.

An faɗa musu abubuwan da in sun gani su dawo a ranar ba sai gobe ba: ido ya buɗe ya ƙi tsukewa a hasken rana, tangaɗi, jijjiga, numfashi da baki a buɗe, dasashi ya sauya launi, ko ta yi kwana 2 ba ta ci ba. Idan tangaɗin ya dawo alhali ba ta fita ko'ina ba, to maganar ƙwaya ta faɗi, sai a koma awon hanta da ƙoda da neman cututtukan da ke taɓa ƙwaƙwalwa.